Shawarwari ga mai son kallon hokin ƙanƙara a birnin da ke karɓar gasa

A wata tattaunawa da aka yi a Samaru, Zariya, waɗanda suka yi karatu a Turai sun ba ƙannensu shawara kan halartar gasar hokin ƙanƙara ta duniya, wadda hukumar kula da wasan a duniya, wato IIHF, ke shiryawa a watan Mayu, kamar ta 2024 da aka yi a Prague da Ostrava na ƙasar Czech.

Abin da aka fi nanatawa shi ne biza da masauki. Yawancin ƙasashen da ke karɓar gasar suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka a nemi biza da wuri, a kuma kama ɗaki tun kafin a sayi tikiti, domin kuɗin otal yakan tashi sosai a makonnin gasar. Tikitin ma a saye shi daga masu shirya gasar, kada a amince da 'yan bumburutu a bakin ƙofa. Wasannin rukuni sun fi na kusa da ƙarshe araha.

Filin a rufe yake, amma akwai sanyi a cikinsa, saboda haka a tafi da rigar sanyi mai kauri. Ana buga wasan zango uku, kowanne minti 20, da hutu a tsakani.

Batun da na ga ya fi muhimmanci shi ne na ibada. A watan Mayu rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a arewacin Turai, lokutan Magariba da Isha'i suna ja baya, sannan dandalin magoya baya cike yake da masu shan giya. An ba da shawarar a nemi masallaci da gidan abincin halal mafi kusa da filin tun ranar isowa.