Muhawarar 'yan fada: gishirin Bilma zai zama batir?

Direban Agadas: Salamu alaikum 'yan fada. Ni dai na ce arzikinmu na gaba yana Bilma da Fashi. Litiyom ɗin da ake batirin waya da na mota da shi, a Chile da Boliviya daga filin gishiri ake haƙo shi. Mu ko raƙuma ke ɗauko mana kantu tun kaka da kakanni, muna ba shanu suna lasa.

Malamin lakkol: Alhaji, ba kowane gishiri ba. Can ma ba ɓawon saman suke kwasa ba, ruwan zartsi ne da ke kwance ƙarƙashinsa. A Atacama ta Chile famfo ke jawo shi, a zuba cikin manyan tafkuna, rana ta yi ta shanye shi shekara guda zuwa wata 18, a yi ta juye shi daga wannan tafki zuwa wancan har litiyom ya yi kauri. Kuma daga duwatsu masu aman wuta na Andes ne ruwa ya wanko litiyom ɗin cikin kwarin, shekaru dubbai. Fari dai duk fari ne, amma ba duk fari ne madara ba.

Direban Agadas: To Malam, rana muka rasa? Ka je Bilma a watan Mayu ka gani.

Mai gyaran waya, kasuwar Dole: 😂 Rana kam sai mu sayar wa Chile. Amma Baba Alhaji, Uyuni ta Boliviya ta haura murabba'in kilomita 10,000, babu filin gishirin da ya kai ta a duniya, har yau ba su zama attajirai da ita ba. Ruwan nasu magnesiyom ya yi masa yawa, ga damina na cika tafkunan. Ostireliya ce kan gaba, ita kuwa daga dutse take fasa nata. Mali ma da ta buɗe mahaƙar Goulamina a 2024 dutse ne.

Hajiya mai kanwa: Ni tambaya ɗaya gare ni. Ruwan fa? Jiya har azahar famfonmu ko ɗigo, sai da na tura yara neman 'yan ga-ruwa. Mutanen Atacama kukan ruwa suke da kamfanonin nan. A janye na ƙarƙashin Kawar, yankin da Bilma take, dabinon ya sha me?

Direban Agadas: Hajiya, zartsi ne, ba na sha ba.

Hajiya mai kanwa: A ƙasa akwai katanga tsakaninsu ne, Alhaji?

Malamin lakkol: Nan ne masana ma ke ja-in-ja. Ni abin da ya fi damuna daban. Tun 1971 ake fitar da uraniyom daga Arlit, amma da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 kowa ya ga halin da muka shiga. Yawancin litiyom Sin ke tace shi, ta haɗa batir, ta sayar mana. Kuɗin na wurin tacewa.

Direban Agadas: Ai man fetur ma haka aka ce, ga matatar Soraz nan bakin garinmu Damagaram tun 2011.

Mai gyaran waya: Wannan kam ka ci, Baba. Sai dai farashin litiyom da ya hau sama a 2022 ya faɗo warwas bayan nan. Ni a fara da matattun batura da ke jibge bayan rumfata, yara na wasa da su, wani ma ya kumbura.

Hajiya mai kanwa: Ɗana ka ɗauke su daga rana tun ba su kama wuta ba.

Direban Agadas: Ni dai jibi zan tashi. In na samu mai zuwa Dirku, kusa da Bilma, zan sa ya cika mini bido da ruwan Kalala, inda ake haƙar gishirin, Malam ya kai a auna.

Malamin lakkol: Ka haɗo da dabino.