Wace cibiyar bincike ke karɓar ɗalibin fiziks ya yi aikin kammala digiri?

Mai_Son_Lissafi: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a fiziks, kuma hankalina ya fi karkata ga ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zarra. Sai dai ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar aikin da nake so. Ina zan dosa, kuma wa zan fara rubuta wa?

Tsohon_Ɗalibi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki duba CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyin zarra ta Turai, da ke kusa da birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Suna da shirin ɗalibai na bazara, mako 8 zuwa 13, ga wanda ya yi shekara uku a jami'a. A watan Janairu ake rufe karɓar takardu, kada ki yi sanya. Kafin nan ki zauna ki ƙware a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ki taɓa ROOT, manhajar CERN ta nazarin bayanai, domin rabin aikin tace bayanai ne a kwamfuta. Sun ma saki wasu bayanan LHC, babbar na'urarsu mai gwara ƙwayoyin nan da juna, kyauta a intanet, za ki iya fara gwada hannunki yau.

Malama_H: Idan lissafin ka'ida ya fi miki, akwai ICTP, cibiyar fiziks na ka'ida ta ƙasa da ƙasa, a Tiriyeste ta Italiya, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964. Suna da difloma ta shekara ɗaya bayan digirin farko, ana kammala ta da ɗan kundin bincike. Amma 'yata, ki fara samun amincewar malamin da ke duba aikinki, don jami'arki ce za ta ba ki digirin.

Mai_Son_Lissafi: Na gode ƙwarai. Gobe zan same shi da maganar.