Maguna biyu sun ƙi jituwa a gida ɗaya, ya zan yi?

Mai Mage:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Ina da mage babba, to shekaranjiya 'yar uwata ta bar min muzurunta, ni kuma kawai na sake shi a falo. Wallahi ba ku ga yadda ta kumbura ba, gashi ya miƙe, wutsiya kamar tsintsiya, sai huci take, shi kuma ya shige ƙarƙashin gado ko abinci ya ƙi ci.

Tsohuwar Hannu:
Ayya 'yar uwa, ai kin yi gaggawa. Mage akwai kishin waje, kuma da hanci take gane nata. Ki ware masa ɗaki shi kaɗai, da kwanon abinci da ruwa da bahon yashin da zai riƙa yin kashi da fitsari a ciki, ki rufe. Kullum ki goga tsumma a kumatunsa ki ajiye inda take kwanciya, ita ma haka, kuma ki riƙa ba su abinci a bakin ƙofa, ita nan shi can, sai kin ga hucin ya ragu sannan ki ɗan buɗe su hango juna. Nawa sai da suka yi sati uku.

Baban Muzuru:
An dandaƙe shi kuwa? In ba haka ba zai dame ki da fitsari a bango, ga 'ya'ya. Bahon yashi ma uku za ki ajiye. Kuma in rashin cin ya kai kwana biyu kai shi wurin likitan dabbobi.

Mai Mage:
Ba a yi ba wallahi. Na gode, yanzu ma nake share masa ɗaki.