Don Allah a taimaka min da darasin daidaiton sinadarai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a nan Gombe. WAEC ta ƙarato, ga wani darasin kemistiri ya tsaya min a wuya. An ce idan haɗin sinadarai ya kai daidaito bai tsaya ba, amma kuma ba abin da ke canzawa. Ta yaya? Jiya har sha biyun dare ina haddar Kc (lambar da ke nuna gwargwadon sinadarai a lokacin daidaito) da fitilar waya, da safe ko ɗaya babu a kaina. A gwajin da ya wuce ma na sa CaCO₃, wato dutsen farar ƙasa, cikin lissafin Kc, aka soke min. Abin na damuna, don likitanci nake so.

Wani malamin kimiyya daga Bauchi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ajiye haddar tukuna. Je ki tsaya bakin ƙofar babbar kasuwar Gombe da hantsi. Idan mutum goma na shiga, goma na fita a kowane minti, yawan na ciki ba zai sauya ba, alhali ƙafa ba ta daina tafiya ba. Amma ki kula, ba a ce na ciki da na waje yawansu ɗaya ba. Saurin shiga da na fita ne ya zo ɗaya. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa.

Dokar da ake lissafin Kc da ita kuwa ta Guldberg da Waage ce, 'yan ƙasar Norwe, a 1864. A haɗin amoniya, N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, abin da aka samar (NH₃) ne a saman lissafin: Kc = [NH₃]²/[N₂][H₂]³. Zafi kaɗai ke canza Kc, katalis, wato sinadarin da ake sawa don hanzarta haɗi, gaggawa kawai yake kawowa.

Wata 'yar jami'a: Ƙanwata, daskararren abu ba ya shiga lissafin, shi ya sa aka soke miki. A CaCO₃ ⇌ CaO + CO₂, iskar CO₂ kaɗai za ki rubuta. Irin dutsen da ake gasawa a yi siminti a Ashaka ne ma. Tunda iskar ficewa take daga tanda, dutsen sai ya yi ta rabuwa zuwa CaO da CO₂, ba komawa baya.

Wani ɗan uwa: Sayi lemon kwalba ki duba. A rufe shiru yake, kina buɗewa sai kumfa ta taso, don matsin iska ya ragu. Ƙa'idar Le Chatelier ke nan: idan aka taɓa daidaito, haɗin zai karkata ɓangaren da zai rage tasirin canjin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam. Na kasuwar ya zauna min daram. To idan aka ƙara zafi a haɗin amoniya fa?

Malamin: Haɗin fitar da zafi yake yi, saboda haka baya zai koma, amoniya ta ragu, Kc ma ya ragu. Gwada tambayoyin shekarun baya guda uku ki turo mu duba.