Harajin hayaƙi a bakin iyakar Turai: gyara ne ko shinge?

Injiniya: Ina nan a kan bakana, harajin da Tarayyar Turai ta ɗora wa kayan da ke shiga kasuwarta saboda hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su, wanda ake kira CBAM, adalci ne. Tun 2005 masana'antun Turai ke sayen izinin fitar da hayaƙi, tan-tan. Mai narka ƙarfe da kwal yana fitar da kusan tan 2 na iskar kabon a kan kowane tan na ƙarfe. Idan na Jamus ya biya, na waje bai biya ba, sai masana'antar ta yi ƙaura, hayaƙin ya ci gaba da tashi a wata ƙasa. Me aka gyara ke nan?

Dakta: Injiniya, a bayyana wa jama'a yadda abin yake tukuna. Kaya shida ya shafa: ƙarfe, alminiyam, siminti, takin zamani, haidirojin da lantarki. Daga Oktoban 2023 rahoto kawai ake bayarwa, daga Janairun 2026 lissafin kuɗi ya fara. Mai shigo da kaya zai faɗi hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su, mai tantancewa ya tabbatar, sannan ya sayi takardun shaida a farashin izinin hayaƙi na kasuwar Turai. Inda gizo ke saƙar shi ne awon. Masana'antar da ba ta da ma'aikatan auna hayaƙi, ko kuɗin ɗaukar mai tantancewa, za a yanka mata ƙiyasi mai tsauri. Ƙaramin mai ƙera kaya zai iya biyan fiye da laifinsa don rashin takarda kawai.

Malama: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda kuɗin ke zuwa. Asusun Turai yake shiga. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba, amma ba a ware ƙasashe mafi talauci ba. Mozambik, wadda ta yi shekaru alminiyam na cikin manyan abubuwan da take sayar wa Turai, ma'auni ɗaya aka yi mata da Sin. A taron duniya kan muhalli da aka yi a Rio, a 1992, an amince cewa nauyin magance sauyin yanayi na kowa ne amma ba daidai yake ba. Ina wannan alkawarin ya tafi?

Injiniya: Malama, in aka ware wata ƙasa, gobe 'yan kasuwa za su bi da kayansu ta can. Kuma duk ƙasar da ta sa wa hayaƙi farashi a gida, ana cire abin da aka biya daga lissafin. Sin ta buɗe kasuwarta ta izinin fitar da hayaƙi a 2021, a 2025 ta shigar da ƙarfe da siminti da alminiyam. Turkiyya da Indiya na gina tasu. Kuɗin sai ya zauna a baitulmalinsu.

Malama: Sin ta iya, don tana da ma'aikata da jari. Ƙasar da ke fama da biyan bashi fa? Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawari a taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ba ta cika ba sai 2022, kuma kaso mafi tsoka na abin da gwamnatoci suka bayar rance ne. Ba ka bai wa mutum tsani ba, ka ce ya hau bene.

Dakta: Akwai gyara ɗaya ga ku biyun. Masana'antun Turai har yanzu suna samun izini kyauta, a hankali za a janye shi har zuwa 2034, harajin kuma yana hawa daidai gwargwado. Don haka harajin kayan 2026 bai kai cikakken nauyinsa ba. Zafin yana gaba. Wannan tazarar ce damar mai ƙarfe ya koma tanderun lantarki da tsofaffin ƙarafa, mai siminti ya rage kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, ya haɗa da gasasshen yumɓu. Amma tanderun lantarki ba ya aiki sai da tsayayyar wuta, Injiniya. Wa zai biya kuɗin layin da zai kawo ta?