Me ya sa ake kiran mata "iyali"?

Ɗalibin Harshe:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan kalmar "iyali", domin nakan ji magidanci ya ce "iyalina ba ta da lafiya", alhali matarsa kaɗai yake nufi. Daga ina kalmar ta samo asali?

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salam. Ararriya ce daga Larabci, inda "iyal" ke nufin waɗanda ɗawainiyar ci da shansu ta rataya a wuyan mutum, wato mata da 'ya'ya. Kunya ce ta taƙaita ma'anar, saboda Bahaushe yana jin nauyin cewa "matata" a gaban manya, balle ambaton sunanta.

Uwar Marayu:
Malam ya yi gaskiya, sai dai a lura cewa mace ba ta kiran mijinta "iyalina", sai ta ce "maigidana". A ganina "mai ɗakina" ta fi dacewa, tunda ba ta haɗa da yara.

Ɗalibin Harshe:
Na gode, Hajiya. To, mai mata biyu fa?

Uwar Marayu:
Shi sai ya bambance, ya ce uwargida ko amarya.