Musayar Waƙa: Ranar da Hantata Ta Kaɗa

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum masu alƙalami. Yau kowa ya faɗi inda hantarsa ta taɓa kaɗawa, amma a waƙe. Ƙwar biyar ce, wato layi biyar a kowane baiti, babban amsa-amo "ba", da shi kowane baiti zai ƙare. Mai iyawa ya biyo ni.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Salati ga Manzo abin bin kowa,
Ku zo yau mu tona wurin tsoratarwa,
Wurin da maza ke ta neman gujewa,
Waɗansunsu har yau ba su warke ba.

A Gwammaja ran Asabar da rana,
Ina yaro ƙarami gaban Babana,
Ƙara ta girgiza ɗakin kwana,
Ashe jirgi ne ya faɗo a layina,
Har yau ban daina jin ƙaurin nan ba.

Idan na ji jirgi yana wucewa,
Cikina ya ɗuri ruwa ba tsayawa,
Idona a sama har zuwa ɓacewa,
Shekara ashirin da ɗori da faruwa,
Ban taɓa taka matakalar jirgi ba.

Ran 4 ga Mayu 2002 ne. Jirgin ya tashi daga Kano za shi Legas, bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen mutane. Sama da mutum ɗari suka rasu, da na ciki da na ƙasa.

Mai Kufena:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa shahada ce. Amma Bakano, baitinka na ƙarshe ban yarda da shi ba.

Bakano faɗi gaskiya kar ka kauce,
Kuɗin tikiti ne ya sa ka zauce,
Da za a ce kyauta ne da ka amince,
Ka je Legas ka dawo kafin maraice,
Ba mu san Bakano da ƙin banza ba.

Ga tsoro na manya:

A hanyar Abuja dab da Rijana,
Muka ga motoci a tsaye da rana,
Ƙofofi a buɗe, takalma a kwana,
Direba ya juya yana "Ya Rabbana",
Har Kaduna ba mu ce da juna uffan ba.

Ba mu ga kowa ba, takalman nan kawai. Daga ranar na koma jirgin ƙasa, sai ga shi ran 28 ga Maris 2022 shi ma an tare shi a hanya.

Ɗan Gwammaja:
Bazazzagi sannu da kwasar tafiya,
An ce a ƙasan kujera ka ɓuya,
Ka danne buhun wata tsohuwa na doya,
Wandonka ya sha ruwa, ba ruwan rijiya,
Shi ne ba ka sa mana a baiti ba.

Na Kurmi:
Wayyo Allah cikina! Ɗan Gwammaja ka gama da shi, a kawo likkafani. Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Direban Agadas:
Ku yara ku ja gefe manya na zuwa,
Tsoron da ya fi naku shi ne ƙishirwa.

Mun bar Agadas mun nufi Dirku da kamyo,
Injin ya buga, babu mai gyarawa.

Ba dutse, ba icce, ba tsuntsu a sama,
Gabas da yamma yashi ke malalawa.

Bido biyu ga mutum talatin da ɗori,
A murfin gora muke ta rabawa.

Kwana na uku harshe ya zama ƙirgi,
Mai kuka ma babu hawayen zubarwa.

Kwana na huɗu muka ji ƙugin mota,
Wasu suka ce mafarki ne, ba sa tasowa.

Ku da kuke da wanda za ku guje wa, ku gode Allah. A hamadar Tenere babu mai bin ka, kuma babu inda za ka. Icce guda da ayari ke kwatance da shi ma wata mota ta buge shi a 1973, gawarsa na can gidan tarihi a Yamai, na ƙarfe aka kafa a gurbinsa.

Ɗiyar Damagaram:
Shi ke nan, Baba Direba ya rufe fage. Wanda bai san hanyar nan ba ya ɗauka labari ne. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata da yara ne daga Kance, mutanenmu ne. 'Yan Najeriya ku tattara alƙalumanku.

Na Kurmi:
Allah Ya jiƙan su. Amma batun waƙa, Badamagariya ki yi a hankali. Na faɗa na ƙara, ko da me ka zo an fi ka.

Ɗiyar Damagaram:
Har da tsoro an fi mu, mun yarda.

Malam Mai Awo:
A gafarce ni, amma ba zan iya shiru ba.

Ku bar ni da daji ku bar ni da kura,
Da yashin hamada da jirgi da ƙara,
Abin razana na ga baiti a shara,
Ƙafafu a karye ana son a gyara,
Kamar ba ku san mai awo ya iso ba.

Ɗan Gwammaja ya ɗora mu kan karin Mutaƙarab na aruli, wato ilimin awon waƙa: fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun, fa'ul. "Da sunan Ta'ala nake farawa", gaɓa 11, tsaf. Yana shiga baiti na biyu ya faɗo daga kan dokin. Mai Kufena kuwa "Har Kaduna ba mu ce da juna uffan ba" gaɓa 13 ce, ta yi wa karin ƙiba. Baba Direba, girmanka ne, amma an ce ƙwar biyar da "ba", ka zo da ƙwar biyu da "wa".

Ɗiyar Damagaram:
Malam aje ma'auninka ka huta,
Baba ya kwan huɗu yana jiran mota,
Harshe ya bushe, ido ya makanta,
Kai kana ƙirgen gaɓa kana kwatanta,
Ba ka taɓa yini babu shayi ba.

Mai Kufena:
Gaɓa biyun da suka ƙaru na gudu ne, Malam. Wanda ake kora ba ya taku daidai. Kuma wanda ya ƙirƙiro arulin nan naka ko "ina kwana" bai sani ba da Hausa.

Malam Mai Awo:
Halilu ɗan Ahmadu na Basra bai ƙirƙiri komai ba, saurara ya yi ya fitar da ma'aunai 15 daga waƙoƙin Larabawa, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Malamanmu na zamanin jihadi kuwa a kan waɗannan ma'aunai suka ɗora waƙoƙinsu na ajami, kuma suka zauna daram, domin Hausa ma tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kai Bazazzagi ne, garin ilimi, bai kamata a ji wannan daga bakinka ba.

Na Kurmi:
To makaɗan baka fa? Mai kalangu da mai kotso da mai kuntigi, wa ya koya musu fa'ulun? Kuma ba su taɓa yin tuntuɓe ba.

Malam Mai Awo:
Su ganga ce ma'auninsu. Kai ina gangarka? A waya kake dangwalawa.

Sabon Shiga:
Salamu alaikum, ni ma ga tawa, ku yi haƙuri yau na fara.

Ni kuma tsoron da na ji shi ne ranar da na je zance,
Babanta tsohon soja ne ya fito da maraice,
Ya ce kai ɗan waye, na manta sunan babana,
Na gudu na bar babur ɗina a kunne.

Malam Mai Awo:
Ɗana, wannan wasiƙa ce aka sassara ta layi-layi.

Mai Kufena:
Ƙyale shi ƙanena, ci gaba. Babur ɗin fa, an ba ka?

Sabon Shiga:
Ƙanenta ya turo min shi washegari. Man ya ƙare.

Na Kurmi:
Malam ka kawo mana baiti ɗaya da ka ji tsoro a cikinsa mana. Kowa ya tona cikinsa, kai sai jan biro.

Malam Mai Awo:
Ai na faɗa. Baitocinku.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a na kira taron tsoro kun mayar min da shi ajin aruli. A dawo kan hanya don Allah.

'Yar Gwange:
Yayyena ku yi haƙuri, kwana biyu ina karantawa ban yi magana ba. Tawa ta daren wayewar Talata ce, 10 ga Satumba 2024, a Maiduguri, daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Malam ka auna yadda ka ga dama.

Cikin dare muka ji ana ta kira,
Alau ta ɓalle, ku fito ku tsira,
Ruwa a gwiwa kafin in ɗau yara,
Ya kai ga ƙirji, ga duhu ga ƙara,
Ban ɗau ko da mayafin kirki ba.

Na goya ɗaya, ɗaya na kan wuyana,
Wani abu ya gifta ya shafi jikina,
An ce gidan zu ya fashe, wayyo kaina,
Na ƙame a ruwa na rufe idona,
Har yau ban san ko mene ne ba.

Ruwan ya kwaso kadoji da macizai daga gidan zu ya shigo da su unguwanni, shi ya sa kowane tsumma ya taɓa ka sai ranka ya tashi. Tun 1994 rabon garin da ganin irin wannan ambaliya.

Ɗan Ruga:
Sannu 'yar Barebari, Allah Ya mayar da alheri. Amma ni na san abin da ya taɓa ki.

Kada ne, yana da zaɓen nama,
Ya shinshina ƙafar ya ji ba dama,
Humra ta buge shi ya koma ya suma,
Ya farka ya ce shi ya tuba ya gama,
Bai saba da cin bayin Fulani ba.

'Yar Gwange:
Ɗan Ruga rufa wa kanka asiri,
An gan ka asibiti kana ta kirari,
Nas ta fito da allura da sauri,
Ka bi ta taga ka nausa cikin gari,
Sharo ka iya, ba ka iya tsinke ba.

Ɗiyar Damagaram:
Ayyururui! Mata sun karɓi fage. Ɗan Ruga je ka nemo sandarka a ƙarƙashin gadon asibiti.

Ɗan Ruga:
Zan dawo. Shanu sun shiga gonar mutane.

Direban Agadas:
Ina hanya ne babu layi, yanzu na ga abin da aka tara mini.

Malam na ji gyara, Allah Ya biya ka,
Ga "ba" ɗin da ka nema na kawo maka,
Ranar da bido ya ƙare a gabanka,
Ka auna ƙishi da fa'ulun ɗinka,
Mu ga ko ba za ka karya kari ba.

Ɗiyata ta Gwange na ji batunki,
Ruwan da na roƙa shi ne ya kore ki,
Da an ban kofi guda daga ɗakinki,
Da na yi addu'a har ga jikokinki,
Ina yaran? Ba ki ce sun warke ba.

'Yar Gwange:
Suna lafiya Baba, na gode. Babban ya manta. Ƙaramar ce har yanzu ba ta yarda a sa ta a baho, sai dai a tsaye da buta.

Malam Mai Awo:
Allah Ya raya su. Baba Direba, "Ina yaran? Ba ki ce sun warke ba" ba Mutaƙarab ba ne, amma ba zan taɓa shi ba. Na Kurmi ya ce in faɗi nawa. Ina cikin Babban Masallacin Kano ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, ranar da aka kai harin bam. An tayar da kabbara. Shekara da shekaru ina neman karin da zan ɗora wannan, ban samu ba.

Na Kurmi:
Allah Ya huci zuciyarka Malam. Na janye.

Mai Kufena:
Allah Ya jiƙan musulmi. Ni kuma tun shekaranjiya ake ta turo min saƙo a kan maganar wando, har surukina ya kira. Ɗan Gwammaja, ka fito ka gaya wa mutane ba ka cikin motar. Ledar fiya wata ce ta fashe a aljihuna, kuma buhun na dankali ne.